Na je Azteca, na tarar da ƙura

Wata rana na samu sarari daga aikin da ya kawo ni birnin Meziko, na ce bari in leƙa filin wasa na Azteca. Ashe a lokacin a rufe yake tun 2024, ana yi masa gyara saboda Gasar Cin Kofin Duniya ta 2026. Daga bakin shinge na tsaya. Ba ka jin komai sai ƙarar injin fasa kankare, ga leburori da hulunan kwano suna ta kai-komo cikin ƙura.

Duk da haka sai da tsigar jikina ta tashi. A nan Pele ya ɗaga kofi a 1970. A nan Maradona ya zura wa Ingila ƙwallo da hannu a 1986, bayan 'yan mintoci ya yanke kusan rabin 'yan wasansu ya ci ta biyu. Babana bai taɓa gajiya da ba mu labarin nan ba, har tashi yake ya gwada mana yankan a tsakar ɗaki.

An buɗe filin a 1966, kuma a nan aka tsara buga wasan farko na gasar 2026 ranar 11 ga Yuni. Shi ne fili na farko da aka ba wa gasar sau uku. Tsoron da nake ji kada garin gyara kujeru da fitilu a goge masa tsufansa.

Hakin da na yi kuwa ba a magana, tudun garin ya haura mita 2,200. Na tura wa Baba hoton shingen, ya ce, "Wannan ne Azteca ɗin?"