Abin da darasin Janar Paulus ya jawo mini a makarantar hafsoshi

A wannan watan na ajiye aikin koyar da tarihin yaƙi a makarantar horar da hafsoshi, kuma abokan aiki sun matsa mini in rubuta wani abu domin masu tasowa. Zancen jadawali da gyaran takardun jarrabawa kowa ya san shi. Abin da ya tsaya mini a rai darasi ne guda, na Janar Friedrich Paulus na Jamus a Yaƙin Duniya na Biyu, da tsadar da ya yi mini.

Ɗalibai Rommel suke so, wani janar na Jamus, don shi ne mai suna, mai tankoki a hamadar Libiya. Ni kuwa na dage a kan Paulus, saboda na san mafi yawan kyaftin da manjo da ke zaune gabana irin hanyarsa za su bi: tebur, taswira, rahoto, da jiran sa hannun na gaba.

An haife shi a 1890 a yankin Hesse, ɗan ma'aikacin ajiyar kuɗi ne, ba ɗan sarauta ba. Sojan ruwa suka ƙi ɗaukarsa, ya ɗan taɓa karatun lauya a Marburg, sannan ya shiga sojan ƙasa a 1910. Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ƙare yana kyaftin. Mutum ne mai tsafta da ladabi, mai kwana a kan taswira, wanda ba ya ɗaga murya kuma ba ya ja da na gaba. A 1939 ya zama shugaban hafsoshin tsare-tsare na Janar Reichenau. Reichenau yana gaba yana yanke hukunci, Paulus yana baya yana mayar da hukuncin tsari a rubuce, kuma haɗin nasu ya yi kyau ƙwarai. A Satumbar 1940 aka ɗauke shi zuwa babbar hedikwata ƙarƙashin Janar Halder, inda ya yi aikin tsara mamayar Tarayyar Sobiyet. Nakan tsaya a nan in gaya wa ɗalibai kada tausayinsa ya kama su da wuri, domin yaƙin zalunci ne, kuma da hannunsa aka zana shi. A Afrilun 1941 aka tura shi Libiya ya duba Rommel a bakin Tobruk, ya dawo da rahoton cewa mutumin yana wuce gona da iri, ba ya lissafin mai da abinci. Rahoton gaskiya ne. Ta wajen lissafi Paulus ba shi da na biyu.

Sai ga shi a Janairun 1942 an damƙa masa Runduna ta Shida gaba ɗayanta, alhali mafi girman abin da ya taɓa riƙewa da kansa bataliya ce, ita ma a lokacin zaman lafiya. Ranar 23 ga Agusta dakarunsa suka isa kogin Volga ta arewacin birnin Stalingrad na Tarayyar Sobiyet. Ranar 19 ga Nuwamba Sobiyet suka fasa sahun sojojin Romaniya da ke tsare masa gefe, ranar 23 suka haɗu a Kalach, suka yi wa mutum kimanin 250,000 ƙawanya. Paulus ya nemi izinin ficewa, Hitler ya ce a zauna daram, Göring, shugaban sojan saman Jamus, ya yi alkawarin ciyar da su ta jiragen sama. Mafi ƙarancin abin da zai riƙe rai tan 300 ne a kullum, amma abin da ya riƙa isowa, in an daidaita, tan 100 ne da 'yar ɗoriya.

Daidai nan nake rufe littafi. Sai in raba taswira da jan fensir da shuɗi, in ce wa kowa: kai ne Paulus, yau 25 ga Nuwamba, ga takardar Janar Seydlitz, ɗaya daga cikin kwamandojin da ke ƙarƙashinka, a gabanka yana cewa a fasa ƙawanya ko da izini ko babu, ga kuma umarnin Hitler. Me za ka yi? Ina tuna musu cewa makonni uku kafin nan Rommel ya sami irin wannan umarni a El Alamein ta Masar, na nasara ko mutuwa, kuma ya janye mutanensa ranar 4 ga Nuwamba. Ajin yakan kaure da gardama. Ba na manta wani kyaftin da ya ɗora zare a kan taswira yana auna tazarar da ta rage a Disamba, lokacin da tankokin Janar Hoth suka zo ceto suka tsaya kimanin kilomita 48 daga ƙawanyar, alhali man da ke tankokin Paulus bai wuce na kilomita 30 ba. Ya ɗago kai ya ce, “Malam, ke nan ranar da ya kamata ya fita ta riga ta wuce tun Nuwamba.” Amsar da nake nema ke nan, kuma da zarensa ya gano ta.

Wata rana sabon shugaban sashen karatu ya shigo ya zauna a baya. Gardama na tsakiya ya miƙe ya fita. Da la'asar aka kira ni ofishinsa, ya bar ni tsaye yana ta sa hannu a takardu, sannan ya ce, “Malam, nan bariki ne. Biyayya muke koyarwa. Wa ya ba ka izinin tambayar yara ko za su bi umarni?” Na ce, “Ranka ya daɗe, darasin bai ƙare ba, saura rabinsa. Ka zo gobe ka ji.” Bai zo ba. A mako na gaba aka cire darasin daga jadawali, aka ƙara wa Rommel awa biyu. A rahotona na ƙarshen shekara ya rubuta cewa ina cusa wa ɗalibai ra'ayin bijire wa na gaba. Layi ɗaya ne, amma shi ya bi ni har ranar da na ajiye aiki. Wanda na koya wa yadda ake shirya lacca aka ɗora a kaina, kuma babu wanda ya taɓa kira na ya ji ta bakina. Na yafe abubuwa da yawa a wurin nan, wannan kam har yanzu yana ci mini rai.

Abin da na ɗauka daga Paulus, kuma na gan shi da idona a wurin aiki, shi ne halin da ke ɗaga mutum sama a ofis yana iya zama halin da zai kashe na ƙasa da shi ranar da al'amari ya ɓaci. Shugabanni suna son mai “to, ranka ya daɗe”, suna ta tura shi gaba, har ya kai kujerar da ba a buƙatar komai a kanta sai iya cewa a'a. Ranar 30 ga Janairun 1943 Hitler ya ba Paulus muƙamin fil mashal, yana nufin ya kashe kansa, tunda ba a taɓa kama mai wannan muƙami na Jamus da rai ba. Washegari ya miƙa wuya a ɗakin ƙarƙashin wani babban kanti. Umarnin da ya shafi ransa shi ne wanda ya ƙi bi. Cikin mutanensa kimanin 91,000 da aka kama, waɗanda suka sake ganin gida ba su wuce 6,000 ba. Shi kuwa ya ba da shaida a kotun Nuremberg da ta yi wa shugabannin Nazi shari'a, a 1946, ya koma Jamus ta Gabas a 1953, ya rasu a Dresden a 1957.

Sauran darussan gajeru ne. Ku ajiye kwafen duk abin da kuka rubuta, ku nemi ganin rahotonku kafin ya bar sashe, kuma kada ku raina ɗalibin da ke shiru a baya.

Rabin darasin da shugaban bai tsaya ya ji ba na Seydlitz ne. Shi da ya ce a fita, ya janye wasu dakarunsa ba tare da izini ba, Sobiyet suka bi su suka ragargaza su a fili. Bayan an kama shi ya fito yana kira a kawar da Hitler, kotun sojan Jamus ta yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, daga baya Sobiyet ɗin da ya taimaka wa suka yanke masa hukuncin ɗaurin shekara 25, bai koma gida ba sai 1955. Ina gaya wa ɗalibai wannan filla-filla, domin su san ƙin bin umarni ma yana cin rayuka, kuma mai yin sa yakan biya da tsada ko da shi ke da gaskiya. Duk wanda ya zauna ajina har ƙarshe ya ji wannan, kuma da yawansu yanzu suna riƙe da bataliya, suna iya ba da shaida.