Yadda na haɗa kayan sautina na farko a Kano, ɗaya bayan ɗaya

A yawancin gidajen Kano, idan aka ce kayan sauti, hom tiyata ake nufi: kwali guda a ɗauko daga kanti, ga wufa, wato sifikar da ke ba da bes ko sauti mai kauri, mai fitilu ja da shuɗi, ga 'yan sifiku dogaye sirara, a jikin kwalin an rangaɗa wat dubu kaza da manyan haruffa. Yana da ranarsa, musamman wajen kallon fim ko taron suna. Ni dai abin da nake nema daban ne. So nake in zauna bayan Isha'i in saurari karatun Alkur'ani, ko tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma, in ji muryar mutum tangaran ba tare da dukan bes ya danne harafi ba. Shi ya sa na nufi kayan da ake haɗawa ɗaiɗai, wato amfilifaya (na'urar da ke ƙarfafa sauti) daban, sifiku biyu daban, abin da ke kawo waƙar shi ma daban. Idan ɗaya ya lalace shi kaɗai za a kai gyara, idan kuma Allah ya hore sai a canza ɗaya a bar sauran. Ni ɗan albashi ne, don haka sabo fil ba ya cikin lissafina, sai na hannu, waɗanda muke kira 'yan Beljiyam.

Maganar wat ita ta fi ruɗa mai saye, kuma ita 'yan kasuwa suka fi dagewa a kai. Lambar nan mai PMPO a gefenta ba ta da wani ma'auni tsayayye, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Wadda ake dogara da ita ita ce RMS, ƙarfin da na'urar za ta iya riƙewa ba tare da murya ta dagule ba. Akwai hanya mai sauƙi ta gane gaskiya a tsaye a cikin shago: juya na'urar ka karanta ƙaramin rubutun da ke kusa da wayar wuta, inda aka faɗi wutar da take ci. Abin da ke shan wat 60 daga bango ba zai ba ka wat 3000 a sifika ba. Kuma ma ɗaki ba ya bukatar wat mai yawa. NAD 3020, wadda ta fito a 1978 kuma tana cikin amfilifayoyin da aka fi saye a tarihin wannan harka, wat 20 kacal take bayarwa a kowane gefe. Kunnen ɗan Adam ba ya lissafi irin na kasuwa. Idan ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara a ma'aunin ƙarar sauti, sai ka ninka kusan sau goma kafin ka ji kamar ƙarar ta ninka. Da na fahimci wannan sai hankalina ya kwanta, na daina hangen manyan lambobi, na karkata kuɗina wajen sifika.

Kusan rabin abin da na tanada sifiku suka ci, kuma har yau ina ganin nan ne wurin da ya dace a kashe. Tsakanin amfilifaya biyu masu lafiya bambancin kaɗan ne, sai mai natsuwa zai ji shi. Tsakanin sifiku biyu kuwa ko yaro zai gaya maka. Kowace sifika tana da lambobi biyu da ya kamata a duba. Ta farko om ce, ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke shiga ta, galibi 4, 6 ko 8. Mai om 4 tana jan wuta da yawa, tana sa tsohuwar amfilifaya zafi, don haka ga mai farawa 8 ko 6 ta fi kwanciyar hankali. Ta biyu ita ce yawan ƙarar da sifikar ke bayarwa da wat ɗaya a tazarar mita ɗaya. Mai desibel 85 tana bukatar ninkin ƙarfin da mai 88 ke bukata kafin su yi ƙara ɗaya. Ba kowace ake rubuta wannan a jikinta ba, amma da ka sa lambar samfurin a intanet za ka gani.

Na zaga shagunan 'yan Beljiyam na wajen Sabon Gari da titin Faransa, inda ake jibge kayan Turai da na Jafan wani kan wani. Za ka ga Sony da Pioneer da Technics da Kenwood da Yamaha da Denon, jefi-jefi kuma sifikun Ingila irin su Wharfedale da Mission da Tannoy. Ban tafi ni kaɗai ba. Na roƙi wani dattijo mai gyaran rediyo a unguwarmu ya raka ni, mutumin da ya fara wannan sana'a tun zamanin kaset, kuma ɗan abin da na ba shi na mai da goro shi ne kuɗin da ya fi yi min amfani a duk cinikin.

Akwai wasu sifiku manya da suka ɗauki idona, katako mai kyau, mai shagon kuma yana ta yabonsu. Dattijon bai ce komai ba. Ya cire ragar gaban, ya sa ɗan yatsa ya shafa zoben da ya kewaye bakin wufar, wato babban faifan da ke ƙasan akwatin sifikar. Sai ga wani baƙin gari ya manne masa a yatsa. Ya nuna min ya ce, "Ɗana, wannan soso ne, ya riga ya mutu. Zafin garin nan ba zai bar shi ya kai damina ba. Nemi mai roba." Na ce, "Baba, ba a gyarawa?" Ya ce ana canza zoben, amma samun wanda ya yi daidai da mai haƙurin manna shi a tsakiya ba ƙaramin aiki ba ne, kuma idan ya karkace murya ta tafi. Muka matsa gaba. Waɗanda muka tsaya a kansu ƙanana ne, irin na ɗorawa a kan kanta, om 8, zoben roba. Ya buɗe yatsunsa ya danna wufar a hankali daidai wa daida ta kowane gefe, yana saurare ko za a ji tana gogar wani abu a ciki, alamar kwayil ya taɓa ƙonewa. Shiru. Ya ciro batirin tocila ɗan bolt 1.5 ya taɓa a bayan, wufar ta yi tsalle gaba da ɗan sauti mai tsabta. Sannan ya sa aka kunna a ƙasa-ƙasa, ya kanga kunnensa a kan ƙaramar sifikar sama ta kowane gefe, wadda masu gyara ke kira tuwita. Ita ce ke yawan mutuwa a kayan hannu, kuma a cikin hayaniyar kasuwa ba za ka lura ba sai ka kai gida.

Abin da za a gwada da shi ma yana da muhimmanci. Mai shago kullum waƙa mai dukan ƙirji zai sa maka, ya murɗa bes har ƙarshe, domin ita ke sayar da kaya. Ni na je da nawa a waya: karatun wani makaranci da na shafe shekaru ina ji, da waƙar kalangu guda, da muryar mai karanta labarai. Na roƙi a mayar da makunnan bes da tirebul, wato sauti mai kauri da siriri, tsakiya. A karatu kunnena yana kan bambancin sin da sadi, da numfashin da makaranci ke ja kafin aya. A kalangu kuwa ina bin yadda sautin ke hawa da sauka idan makaɗi ya matse tsirkiya a hammata, domin a sifikar banza duk wannan yana narkewa ya zama dum-dum kawai. Muryar da ka sani ita ce ma'auni mafi gaskiya, don da ta canza za ka ji, ko ba ka san sunan abin da ya canza ba.

Wajen amfilifaya, abin da dattijon ya fara dubawa ba gaban ba ne, baya ne. Wutarmu a Nijeriya bolt 230 ce. Kayan da aka yi don kasuwar Jafan bolt 100 suke ci, na Amurka 120, kuma dukansu suna shigowa kasuwanninmu a cakuɗe. Wanda ya jona ɗan 100 kai tsaye a soket ya ƙona taransifoma nan take. Ana iya amfani da su da taransifomar rage wuta, amma ƙarin kuɗi ne, kuma wata rana wani a gida zai manta ya jona ba ita. Na Ingila sun fi sauƙi, wutarsu ta yi daidai da tamu, filoginsu mai ƙafa uku ma irin namu ne. Muka sami wata 'yar Jafan da aka yi don kasuwar Turai, wat 40 a kowane gefe. Ya kunna, muka jira ɗan ƙas ɗin nan da ake ji bayan daƙiƙu kaɗan, alamar na'urar kariya tana aiki. Ya ɗora mitarsa a wurin jona sifika ya tabbatar babu wutar da ke zuba a can, kusan sifili take nunawa. Ya haska tocila ta ramukan iska yana neman kafasitar da ta kumbura ko ta yi yoyo. Makunnin ƙara murya yana ɗan ƙarƙar idan an murɗa, ya ce wannan datti ne, feshi zai wanke shi, kuma da wannan muka nemi ragi muka samu.

Akwai manyan risibobi, wato amfilifayoyin fim masu hanya biyar ko bakwai, kowace hanya da sifikarta, birjik a kasuwa, wani lokaci ma sun fi 'yar hanya biyu araha. Suna aiki, ban hana kowa ba. Amma cikinsu cunkushe yake, suna zafi, kuma idan allon cikinsu ya sami matsala mai gyaran unguwa ba ya da yadda zai yi. Tsohuwar amfilifaya mai hanya biyu kuwa taransista ce da kafasita da rizista, duk ana samunsu a gari.

Abin da ke kawo waƙar bai ci min kuɗi sosai ba. Na sayi ɗan akwatin bulutut mai wayoyi ja da fari na jona a baya, tsohuwar na'urar DVD ta gida kuma ita ke karanta faifan CD. Sai dai kayan kirki ba sa rufa wa fayil mara kyau asiri. Waƙar da ta bi ta hannu goma a WhatsApp, an matse ta an sake matsewa, za ka ji ta a shaƙe. Wannan ya sa na fara neman masu inganci, kuma bambancin ya fi wanda wata wayar jona kaya mai tsada za ta kawo. Wayar sifika ma ta jan ƙarfe zalla na saya wajen masu kayan wayarin, mai kaurin milimita 1.5, na kankare bakinta a shagon don in tabbatar ba farin ƙarfe aka shafa wa ja ba. A kula kawai ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a duka gefen biyu, in ba haka ba bes zai ɓace, murya ta rasa tsakiya.

Sai babbar magana, wato wuta. Duk wanda zai haɗa irin waɗannan kaya a Kano ya cire kuɗin sitabilaiza tun kafin ya shiga kasuwa, kada ya bar shi sai abin da ya rage. Wuta takan zo ƙasa, takan dawo da ƙarfi bayan an ɗauke, kuma lokacin dawowar nan ne kaya suka fi ƙonewa. Ni da an ɗauke nake kashe soket. Ba na jona amfilifaya a ƙaramin janareta. Mai inbata kuma ya tabbatar tasa mai tsabtatacciyar wuta ce, wadda ake rubuta wa pure sine wave, don ɗaya irin tana sa taransifoma gurnani da zafi. Wani abokina da gidansa ke kan sola kacokan, shawarar da na ba shi daban ce da abin da na saya: ya nemi sababbin ƙananan amfilifayoyin nan na ajin D, irin na Fosi Audio ko SMSL. Tafin hannu suke, kusan kashi 90 cikin ɗari na wutar da suka ci yana tafiya sifika, ba sa zafi, ba sa cinye batir. Tawa tsohuwa ta ajin AB ce, tana ɗumi ko ba ta aikin kirki, shi ya sa a watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba na ɗora komai a kanta. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, sai na sa aka ɗinka mata murfin yadi, ina rufewa bayan ta huce.

Da na kai kayan gida, sautin bai kai yadda na ji a raina ba, kuma ɗakin ne sanadi. Falonmu tayil ne a ƙasa, bango siminti, murya tana dukan ko'ina tana dawowa. Mai ɗakina ce ta ce, "Abban yara, a dawo da kafet ɗin ɗakin ciki mana, a sauke labule." Aka yi haka, sai amon ya kwanta. Na sa mai walda ya yi min ƙafafu biyu na bututun ƙarfe, muka ɗura musu yashi don kada su yi rawa, tsayinsu daidai yadda tuwita za ta fuskanci kunnen wanda ke zaune. Na janye sifikun daga bango kamar taku ɗaya, domin ramin iskarsu a baya yake, idan an manna su da bango bes yana kumbura. Tazarar da ke tsakaninsu ita ce tazarar kowacce zuwa kujerata, na ɗan karkato su ciki. A nan ne muryar makaranci ta tsaya cak a tsakiya, inda babu sifika, kalangu kuma ya koma gefensa.

Ba na murɗa ƙara ta wuce inda murya ta fara kaushi. Ƙaramar amfilifaya da aka matsa wa fiye da ƙarfinta ita ke kashe tuwita, fiye ma da babba. Ga kuma maƙwabta da masallacin layi, waɗanda suke da haƙƙi a kaina. Wajen kunnawa amfilifaya ce ta ƙarshe, wajen kashewa ita ce ta farko, don kada bugun wuta ya bi ta sifika.

Yanzu abin da nake tara wa kuɗi dek ɗin kaset ne. Akwai jakar kasusuwan tafsiri da waƙoƙi na mahaifinmu, wasu ban taɓa cin karo da su a intanet ba. Dattijon ya ce deka-dekan suna nan a kasuwa, matsalarsu bel ne da ke saki ko narkewa, don haka in na tashi saye mu je tare, ya buɗe ya duba bel da kan da ke karanta zaren kafin in biya.