Yara, ga yadda ake dasa bishiya a layi har ta rayu

A watan Afrilu zafi a Kano yakan haura digiri 40. Ku taɓa kwalta da hannu da azahar, sannan ku taɓa ƙasar da ke gindin darbejiya, za ku ji kamar ba gari ɗaya ba. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan zafin rana duk yini, da dare su amayar da shi, shi ya sa ɗaki ke ƙin yin sanyi har bayan isha'i. Bishiya kuwa tana tare rana, ganyenta kuma yana fitar da danshi da ke sanyaya iska. Mutanen da sun san darajarta, har wurare suka ci sunanta: Kasuwar Rimi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka.

Dasawa ba ta da wuya. Rayarwa ce aikin, kuma yawancin dashen da ke mutuwa a shekarar farko yake mutuwa.

Fara da zaɓen wuri, kuma a sanar da iyaye da mai unguwa tukuna. Darbejiya, wadda asalinta daga Indiya aka kawo ta, tana jure fari sosai, amma saiwarta na tsaga gini. A ba ta aƙalla mita 5 daga katanga da ramin masai, kada kuma a sa ta ƙarƙashin wayar lantarki, don ranar da ta kai wayar sare ta za a yi. Durumi da ceɗiya na fili ne, kamar harabar makaranta ko masallaci. In lungu ya yi ƙunci, zogale ya fi dacewa, ko da yake inuwarsa ba kauri. Abin da mutane ke mantawa shi ne hanya. Makaho mai sanda da mai keken guragu da tsohuwa mai dogarawa duk layin suke bi, don haka a bar musu faɗin mita ɗaya da rabi babu abin tuntuɓe.

Lokacin dashe shi ne bayan damina ta zauna, wajen ƙarshen Yuni zuwa Yuli, da yamma in rana ta yi sanyi. A haƙa rami mai faɗi da zurfin santimita 50, kusan kamu guda na babban mutum. Ƙasar sama a ware ta gefe, ita ce mai albarka. A cuɗa kwano biyu nata da kwano ɗaya na takin da ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona saiwa, yana kuma gayyato gara.

Sai a yanke ledar da dashen ya zo a ciki, a cire ta gaba ɗaya ba tare da ƙasar ta warwatse ba. Wasu sukan binne har da ledar, sai saiwa ta yi ta nannaɗewa a ciki kamar gammo, bishiyar ta tsumbure. Kada kuma a nutsar da dashen fiye da yadda yake a leda, gindin zai ruɓe. A mayar da ƙasa, a danna da ƙafa a hankali, a yi ɗan gurbi kewaye da shi don ruwa ya tsaya, a zuba bokiti guda nan take.

Akuya ba ta jira. Ranar da aka dasa, ranar ake killacewa, da ƙaya ko tsohon kwando ko bulo da aka jera da tazara don iska ta shiga, tsayin ya kai kafaɗar babba.

Ban ruwa a rani shi ne inda yara suka fi manya amfani. Bokiti mai lita 10, sau biyu ko uku a mako, har rani biyu. Yayyafa kofi ɗaya kullum ba ya taimako, domin saiwa za ta tsaya a sama tana jiran ruwa maimakon ta nutsa neman danshi. Ruwan alwala da na wanke shinkafa sun isa, amma ban da na wanki mai bilic. Akwai dabara mai sauƙi: a huda gorar roba mai lita ɗaya da rabi da ƙusa wuri uku ko huɗu a ƙasanta, a binne ta kusa da dashen bakinta na waje, a riƙa cika ta. Ruwan zai tsiyaya kai tsaye wurin saiwa. A rufe murfin, kada sauro ya samu wurin yin ƙwai.

A shimfiɗa busasshen ganye a gurbin don danshi ya daɗe, amma kada ya taɓa jikin bishiyar. In kun ga gara ta fara ɗora ƙasa a gindin, ku kankare ta da tsinke ku barbaɗa toka. Ku kuma raba kwanaki tsakaninku a rubuce, Talata wane, Juma'a wance, don bishiyar da aka bar wa kowa da kowa ita ce ke bushewa a watan Maris.