Warin da ya biyo bayan cire min haƙori

Watan jiya aka cire min turmi na ƙasa ta hannun dama, bayan na yi kusan shekara ina lallaɓa shi da kanumfari da farasitamol. A wani ƙaramin asibitin haƙori nan Agege aka yi aikin, minti ashirin an gama, aka ɗora min auduga aka ce in cije ta na rabin awa. Likitar ta yi min bayani da yawa amma gaskiya hankalina na kan yadda zan samu danfo in koma shago Mile 12 kafin gosulo ya haɗe, rabin maganar ta wuce ni.

Kwana na biyu na fara jin bakina ba daidai ba, ɗanɗano kamar na tsatsa. Maman Abba ce ta fara faɗa min, a hankali ta ce, "Baban Abba, bakin nan fa akwai ɗan wari, ko za ka koma su duba?" Na ji nauyi sosai wallahi, mutumin da ke yini yana ciniki fuska da fuska da jama'a, ga sahun sallah kafaɗa da kafaɗa. Sai na shiga gyara da ƙarfina, duk alwala in kurkure baki da ƙarfi in tofar, na ɗauki tsinken sakace ina tono ramin wai in fitar da abinci, har aswaki na kai wurin.

Ashe abin da nake tonowa shi ne maganin. Idan an cire haƙori jini ne ke daskarewa a ramin ya zama guda, wannan gudan shi ke rufe ƙashi da jijiya kamar murfi har sabon nama ya tsiro. Ɗan warin kwanakin farko daga shi ne, tsohon jini ga guntun abinci da ke maƙalewa ga kuma mutum yana tsoron kai buroshi gefen, ƙwayoyin cuta suna samun abin ci. Bushewar baki ma na ƙarawa tunda yawu ne ke wanke baki, mu kuma a zafin Legas ba ma shan ruwa yadda ya kamata. Wannan warin yana raguwa da kansa cikin kamar mako guda.

Nawa bai ragu ba. Daren kwana na uku ciwo ya taso wanda ya fi na haƙorin kansa, yana harbawa har cikin kunne, warin kuma ya koma kamar na abu ruɓaɓɓe, na haska da tocilan waya a madubi na ga ramin wayam, ƙashi fari-fari a ƙasa. Da safe na koma. Likitar na dubawa ta ce gudan jinin ya fita, ramin ya bushe, kuma yawanci tsakanin kwana 2 zuwa 4 abin ke bayyana. Tambayar farko da ta yi min ko ina shan sigari, don masu sha sun fi kamuwa, zuƙar da hayaƙin duk suna ɓata wurin. Ba na sha, amma kurkura da sakacen nan sun isa. Ta wanke ramin ta cusa wani magani mai ƙamshin kanumfari, kafin in iso gida ciwon ya sauka sosai.

A karo na biyu kam na saurara. Awa 24 na farko bayan cirewa ba a kurkura, ba a yawan tofi, ba a zuƙar lemo da bututun roba, ba shayi mai tururi. Bayan nan sai ruwan ɗumi kofi ɗaya da rabin ƙaramin cokali na gishiri, ka guntsa ka karkata kai a hankali ka bar shi ya zubo da kansa, sau uku ko huɗu a rana musamman bayan cin abinci. Sauran haƙora a ci gaba da goge su, har da harshe, don farin nan na kan harshe shi ma yana wari. Maganar alwala ce na fi so 'yan uwa su riƙe, don ba kowane likita a garin nan zai tuna ya faɗa maka ba, sau biyar muke kai ruwa baki a rana, to a kwanakin nan ka sa ruwan ka sake shi kawai, ban da wuƙil-wuƙil.

Tsire, kilishi, gyaɗa da goro duk na ajiye su, na koma koko mai sanyi-sanyi da ayaba da dafaffen ƙwai, ina taunawa ta hagu. Likitar ta kuma ja min kunne cewa in na ga zazzaɓi, ko kumburi yana ƙaruwa, ko mugunya, ko baki ya ƙi buɗuwa ko haɗiya ta yi wuya, kar in tsaya kemis, in dawo nan take, in dare ne in nufi babban asibiti irin LUTH da ke Idi-Araba ko LASUTH a Ikeja.

Sau biyu na koma aka canza maganin ramin. Wajen kwana na goma warin ya ɗauke gaba ɗaya, ramin ma yanzu ya kusa cikewa, sai dai har yau in na ci shinkafa ƙwaya ɗaya kan faɗa ciki, ruwan gishirin nake fitar da ita da shi.