Kifin da Ke Buɗe Baki Ba Yunwa Yake Ji Ba

Tun 2022 nake aiki a wani shagon sayar da kifin ado a nan Kaduna. Da wanke gilashi da ɗaukar bokiti na fara. Daga baya maigida ya soma aikena gidajen da muka haɗa wa akwatin kifi, duk mako biyu in zagaya in sauya ruwa, in duba famfon iska, in kai abinci. Gidaje ne a Malali da Unguwar Rimi da Barnawa, sai ɗaya a Kawo. A lokacin gani nake na gama iya aiki. Na haddace farashin kowane kifi, na iya jera duwatsu da ciyawa su ƙawata falo, ga bakin ciniki. Ruwan da kifin ke rayuwa a ciki kuwa, ban taɓa zama na tambayi komai a kansa ba.

Sai watan Oktoba na 2024 ya zo. Duk wanda yake Arewa a lokacin bai manta ba. An lalata babban layin wutar da ke tasowa daga Shiroro zuwa Kaduna, ɗayan layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya sami matsala, jihohi suka kwashe fiye da mako guda cikin duhu. Ga fetur lita ta haura naira dubu, har gidajen masu hali sai bayan magariba ake tayar da janareta, kafin sha ɗayan dare an kashe.

A rana ta uku, ina fitowa daga sallar asuba wayata ta yi ƙara. Wata Hajiya ce a Malali, dattijuwa, wadda jikokinta suka sa ta sayi akwati mai cin lita 100.

"Ɗana, don Allah ka zo ka duba min kifayen nan. Tun dare suke sama suna buɗe baki. Sau uku ina zuba musu abinci, ko kallonsa ba su yi ba."

Ko da na isa, ruwan ya yi fari kamar an zuba masa farau-farau, abincin ya jiƙe ya kwanta a ƙasa, huɗu sun juya ciki. Sauran goman sun taru a sama, bakunansu na taɓa iska. Golfish goma sha huɗu ne a akwatin, jajayen nan masu ruwan zinare, kuma ni na sa su da hannuna. Na kira maigida murya na rawa. Bai tsaya tambayar yadda aka yi ba.

"Kai yaro, kwashe matattun. Nemi moɗa ko jug, ka ɗebo ruwan akwatin, ka ɗaga hannu sama ka zubo shi ciki. Kada ka tsaya sai ka ga sun sauka ƙasa. Kuma ka roƙi Hajiya ta ɓoye abincin nan."

Haka na yi ta ɗiba ina zubowa, kafaɗa ta gaji in sauya hannu. Wajen rabin awa, ɗaya ya saki saman ruwan ya nutsa, sai wani ya bi shi. Hajiya tana zaune da carbi tana kallo, ta ce, "Ikon Allah. Ashe numfashi suke nema."

Numfashi suke nema. Da yamma a shago maigida ya zaunar da ni ya yi min bayanin da ya kamata in nema tun shekara biyu baya. Kifi iskar oksijin da ta narke a ruwa yake shaƙa, ita kuwa 'yar kaɗan ce. Iskar da muke shaƙa kashi 21 cikin ɗari oksijin ce, amma lita guda ta ruwa mai sanyin digiri 20 ba ta riƙe abin da ya wuce miligiram 9, idan ruwan ya kai digiri 30 kuwa bai cika 8 ba. Kuma ta fuskar ruwa take shiga. Kumfar da famfo ke fitarwa, wadda nake nuna wa masu saye a matsayin ado, babban aikinta shi ne ta hautsina fuskar ruwan, ta kawo na ƙasa sama. Da an ɗauke wuta ruwa ya kwanta, kifi ya shanye abin da ke akwai, sabo ba ya shiga da saurin da ake bukata. Idan akwai ciyawa mai rai a ciki, da rana tana ba da oksijin, da dare ita ma sha take yi. Shi ya sa mutuwar ta fi zuwa gab da asuba, bayan janareta ya daɗe da yin shiru, mutanen gida na barci.

Maganar abinci ta fi komai tsaya min a rai, domin Hajiya tausayi ne ya sa ta zuba. Duk mai zuciya idan ya ga halitta na buɗe baki zai ɗauka roƙo take yi. Amma kifin da ya ci sai ya ƙara bukatar iska don narkar da abincin, ya kuma ƙara kashi, wanda bai ci ba ya ruɓe a ƙasa yana cinye sauran oksijin ɗin. Babban kifi mai lafiya yana iya yin kwanaki, har mako guda, bai ci ba kuma bai mutu ba. Awa kaɗan cikin ruwan da ba iska kuwa ya isa ya kashe shi. Tun daga ranar, abin da nake fara faɗa wa duk wanda ya kira ni ba wuta shi ne ya rufe gwangwanin abinci ya ɗora can saman kabad, inda yara ba za su kai ba.

Na ɗauka an tsallake. Ashe saura filta, na'urar da ke tace ruwan akwatin.

Filtar gidan Hajiya irin rufaffiyar nan ce da ke zama a ƙarƙashin akwati. Na san soson cikinta yana tare datti, ban san gida ne ba. A jikin soson nan wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ke zaune, su ke juya amoniyar da kifi ke fitarwa, wadda guba ce, ta koma abin da ba ya cutarwa sosai. Su ma da oksijin suke rayuwa. Idan ruwa ya daina bi ta cikinsu a rufaffen gwangwani na tsawon awanni, sai su soma mutuwa, dattin ciki ya ruɓe. Da aka tayar da janareta a daren, filtar ta tashi ta amayo wannan ruɓaɓɓen ruwa cikin akwatin. Hajiya ta ce falon ya ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kafin gari ya waye biyu sun ƙara tafiya. Ruwa ba ya tsami banza, kuma wannan karon na san abin da ya tsamar da shi: ni ne na bar filtar a jone na tafi.

Yanzu idan wuta ta wuce 'yan awanni ba ta dawo ba, zare filta nake sa a yi daga soket, a ciro soson a jefa shi cikin akwatin kusa da inda ruwa ke motsi, ko a faffaɗan roba da ruwan akwatin ya ɗan rufe shi. Ruwan da ya kwana a gwangwanin filtar a zubar kafin a sake jonawa. Kuma ba a wanke soso da ruwan famfo, kulorin ɗin da ke ciki yana kashe bakteriyar, da tsohon ruwan akwatin ake matse shi.

Shi kansa ruwan sauyi sai da ya zama darasi a makon nan. Ba wuta, burtsatse ba ya tasowa, kowa ya koma wurin 'yan ga-ruwa. Jarkar da aka taɓa zuba fetur ko sabulu a ciki tana iya gamawa da akwati a wuni ɗaya, don haka sai na sunsuna kowace jarka kafin in karɓa. Ruwan burtsatse da na rijiya mai zurfi, ko da ya yi garau, yana fitowa ne da ƙarancin iska, sai an juya shi daga bokiti zuwa bokiti sau da yawa. Na tankin sama kuwa da azahar zafi gare shi. Kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan akwatin nake sauyawa, a hankali, bayan na tsoma hannu na ji ɗuminsu ya zo ɗaya.

Ba zai yiwu mutum ya kwana yana zuba ruwa da moɗa ba. Abin da ya cece mu ɗan ƙaramin famfon iska ne mai aiki da fawa bank, irin wanda ake cajin waya da shi. Wutar da yake ci ba ta taka kara ta karya ba, fawa bank mai kyau yakan wuni ya kwana da shi. Maigida yana da guda biyar a kwali da ba wanda ya taɓa tambaya, a rana ɗaya muka raba su. Ni na riƙa bin layi a wurin masu cajin waya, ina kai cikakke in karɓo wanda ya mutu. Sai dai a gwada tun da wuta, domin wasu fawa bank ɗin suna kashe kansu idan abin da aka jona ba ya jan wuta sosai. Shi kuma famfo, na bango ko na batir, a ɗora shi sama da tsayin ruwa. Idan yana ƙasa aka ɗauke wuta, ruwa na iya biyo tiyo ya dawo cikinsa ya malale falo.

Oktoba ma da sauƙi. A bazara, Maris da Afrilu, ruwa yana ɗumi iskarsa ta ragu, sai a buɗe murfi, a saki labule, a saita fanka mai caji tana kaɗa fuskar ruwan. A hunturu kuma hita ce ke mutuwa. Golfish bai damu da sanyi ba, amma ƙananan kifayen ado irin su gupi da beta sun fi son digiri 24 zuwa 27. Bargo ake lulluɓa wa jikin gilashin a bar sama a buɗe, a sa ruwan ɗumi a gora a rufe a saka ta tana yawo a ciki. Ba a zuba ruwan zafi kai tsaye.

Wani abokina mai kiwon tarwaɗa a bayan gari ya yi mamakin wahalar da muke sha, ya ce nasa ko a jikinsu. Gaskiyarsa. Tarwaɗa Allah ya yi mata abin shaƙar iska daga sama, gaiwa ma ta fi ta, ita da ke shigewa cikin laka ta jira damina. Beta da gurami suna da irin wannan baiwar, shi ya sa suka fi jure rashin wuta. Golfish ba shi da ita, ga ci ga yawan kashi. Kifayen da muke sayarwa da hotunan akwatunan da masu saye ke nuna mana a waya, yawanci daga ƙasashen da wuta ba ta ƙiftawa suke. Mu kuwa Kaduna muke.

A nan ne laifina yake, kuma na daɗe ina juya shi. Akwati mai lita 100 bai kamata ya ɗauki golfish fiye da uku ko huɗu ba. Na san ya yi yawa ranar da na sa goma sha huɗu, amma jikokin Hajiya suna ta nuna wannan suna nuna wancan, ni kuma ina da kamasho a kan kowane kifi. Muddin famfo na aiki, cunkoson a ɓoye yake. Sauran gidajen da nake zuwa, masu kifi kaɗan a ruwa mai yawa, ba wanda ya rasa ko ɗaya a makon nan, har gidan Kawo da ba su da janareta. Tun muna Islamiyya aka karantar da mu hadisin matar da ta kulle kyanwa, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Kifin kogin Kaduna idan ruwa ya ɓaci yana iya matsawa gaba. Wanda ke cikin gilashi ba shi da inda za shi, kuma ni na sa shi a ciki.

Bayan wuta ta dawo na koma Malali na faɗa wa Hajiya gaskiya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ɗana. Nawa ya kamata su zauna?" Na ce huɗu. Na kwashe huɗu daga cikin takwas ɗin da suka rage na mayar shago, maigida ya ba ta famfon batir a madadinsu.

Yanzu kafin in buɗe baki a kan farashi, tambaya nake yi: awa nawa kuke samun wuta, akwai sola ko inbata, wa ke gida da dare? Wasu suna jin haushi su tafi wani shagon. Makon jiya wani magidanci daga Unguwar Dosa ya zo da 'yarsa yana son golfish takwas a ƙaramin akwati. Mun fi rabin awa muna magana. Ya tafi da beta guda ɗaya shuɗi, da famfon batir, da wata ƙaramar moɗar roba da yarinyar ta ce ita za ta riƙe.