Godiya bayan rasuwar Baba

Assalamu alaikum. A madadin gidanmu, ina miƙa godiya ga duk wanda ya tsaya mana tun ranar da Baba ya faɗi har zuwa sadakar bakwai.

Santsi ne ya kwashe shi a wurin alwala da asuba. Da kansa ya tashi, har da yi mana faɗa don mun ambaci asibiti, wai ɗan ƙulu ne a ƙeya. Kafin la'asar harshe ya yi nauyi, hannun dama ya saki. Hoton cikin kai da ake kira CT ya nuna jini ya taru a ƙarƙashin fatar da ke lulluɓe da ƙwaƙwalwa, yana danne ta. Ashe ƙwaƙwalwar tsoho motsewa take yi, jijiyoyin jini su miƙe, ƙaramar faɗuwa ta isa ta tsinka su. Ga asfirin da yake sha kullum saboda zuciya, wanda ke hana jini saurin tsayawa.

Godiyata ta farko ga likitan da ya zaunar da mu, bai rufe mu ba. Ya ce da tsohon jini ne da ya narke, da ƙaramar huda ta isa a tsiyaye shi. Na Baba sabo ne, ya yi guda, sai an buɗe ƙoƙon kai. A ma'auninsu na farkawa da ke tsayawa a 15, Baba yana kan 6, ga shekara 89. Yana iya fitowa daga tiyata da rai, amma a kan na'urar numfashi, kuma ba lallai ya sake gane kowa ba. Sannan ya yi shiru, ya bar mana zaɓi.

Ni na so a yi aikin, ba zan ɓoye ba. Hajiya ce ta ce, "Ku bar min shi inda zan iya riƙe hannunsa." Babu wanda ya ƙara magana.

Kwana tara muka yi. Ma'aikatan jinya, Allah Ya saka muku: kuna juya shi duk bayan awa biyu kada gyambo ya kama baya, kuna jiƙa masa leɓe da auduga, ba ku taɓa hana mu karanta masa Yasin ba. Maƙwabta masu aiko da kunu, 'yan masallacin unguwa da suka yi wanka da jana'iza, Kawu da ya kwana bakwai a kan tabarma a barandar asibiti, mun gode. Masu cewa "ai da an yi aikin" kuma, mun ji, ba mu riƙe ku ba.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya sa jinyar ta zama kaffara. Duk mai bin sa bashi, ko wanda yake bi, don Allah ya samu Yaya a gida kafin a zauna rabon gado.