Abin da Lissafin Concorde Ya Koya Mini

A karatun tattalin arzikin sufuri, darasin da ya fi zauna mini shi ne na jirgin Concorde, wanda Birtaniya da Faransa suka ƙulla yarjejeniyar ƙerawa a 1962, ya kuma fara jigilar fasinja a Janairun 1976. Gudunsa ya ninka na sauti sau biyu, yana kai mutum daga Landan zuwa New York cikin sa'a uku da rabi, wato kusan rabin lokacin sauran jirage.

Na koyi cewa kafin a ce abu ya ci riba, sai an san littafin lissafin wa aka buɗe. Kamfanin British Airways ya samu riba da jirgin daga shekarun 1980, bayan ya gano cewa yawancin fasinjojinsa manyan 'yan kasuwa ne da ma'aikatunsu ke biya musu tikiti, har suna zaton kuɗin ya fi abin da ake karɓa, sai ya ɗaga farashin. Amma wannan riba ta samu ne domin gwamnatocin biyu sun riga sun haɗiye kuɗin bincike da ƙira, kuma daga aljihun masu biyan haraji suka fito, mutanen da akasarinsu ba su taɓa taka jirgin ba. Wannan ɓangaren yana damuna ƙwarai.

Kasuwar ta tsuke tun jirgin bai fara aiki ba. A 1973 Amurka ta hana jirage gudun da ya fi na sauti a sararin ƙasarta saboda ƙarar da yake haddasawa mai kama da aradu, farashin mai ya yi tashin gwauron zabo, kamfanonin jiragen sama na Amurka, Pan Am da TWA, kuma suka fasa saye. Jirgi ne mai kujeru 100 da shan mai mai yawa, a lokacin da Boeing 747 ke kwasar ɗaruruwa a farashi mai sauƙi. Guda 20 kacal aka ƙera, 14 suka shiga jigila, kuma da wannan ƙarancin kowane kayan gyara ya zama mai tsada.

Haɗarin Yulin 2000 kusa da Paris, wanda ya kashe mutum 113, da raguwar matafiya bayan harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka, sun ƙarasa Concorde a 2003. Yanzu kamfanin Boom na Amurka yana shirin jirgin Overture, wanda shi ma zai fi sauti gudu, mai kujeru ƙasa da na Concorde, kuma a ganina sayar da tikiti ba zai ba shi wuya kamar mayar da kuɗin ƙira ba, tunda wannan karon masu zuba jari ne za su nemi nasu ya dawo.